Motar da Torvald Bai Taɓa Gani Ba

A garinmu na arewacin Suwidin, idan tafki ya daskare, kamfanoni kan kawo sababbin motoci su gwada a kan ƙanƙara, a naɗe cikin leda mai zanen baƙi da fari don kada a gane siffarsu. Mu kuwa tun muna yara aka koya mana: ka ga irin motar, ka kau da kai. Ba a kallo, ba a tambaya. Abincin garin ke nan.

Mijina Torvald ya yi sanyi uku yana tuƙa wata mai lantarki, kuma daga ita zai ajiye aiki. Burinsa ɗaya, ya ga fuskarta kafin ya bar sitiyari. Da aka ce kamfanin zai kawo ta dandalinmu ya buɗe ta don ya gode mana, bawan Allah nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Mutumin da ko ranar aurenmu bai goge takalmi ba, sai ga shi yana gogewa.

"Tsoho, zance za ka?" in ji Evert maƙwabcinmu.

"Kai dai tsaya a bayana, kada ka ba ni kunya."

Ranar Asabar muka taru da kofunan gahawa a hannu. Wata Bajamushiya daga kamfanin, Wibke, ta yi jawabi, ta ƙirga uku, ta fizge mayafin da aka lulluɓe motar da shi.

Wallahi ban san lokacin da idona ya koma kan takalmina ba. Da na saci kallon gefe, Evert na duban rufin coci, matar fasto na bincike a jakarta. Mutum wajen ɗari biyu, babu mai kallon motar. Babu tafi.

"Ba ta yi muku ba ne?" Wibke ta tambaya. "Launin ne?"

"A'a, Malama, ta yi kyau," in ji Evert, yana fuskantar coci.

Torvald ne ya daure ya ɗaga kai. Na bi shi da ido, na ga abar: shuɗiya, sumul, kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Ya zagaya ta sau biyu. Ya nemi a kunna, aka ce ai a kunne take. Ya shiga, ya fito, fuskarsa duk a rikice.

"Maigida, ita ce?" na ce.

"Gunborg, ban sani ba. Tawa tana da ƙusumbi a baya, fitilunta ƙanana."

Wibke ta ce ai duk roba ce aka manna don ɓad da kama. Ya gyaɗa kai kawai. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin motar. Sanyi uku, kuma ga shi tsaye kamar baƙo.

Can ya ce, "Malama, don Allah ki ba ni mayafin."

Ta miƙa masa, ba ta gane ba. Ya rufe motar daga gaba zuwa baya, ya ja gefe-gefe, yadda ashe yake yi mata kullum in an tashi aiki. Ya ja da baya taku uku, ya tsaya yana dubanta.

"Ita ce," ya ce.

Sai a lokacin muka ɗago muka yi tafi.