Ku Ƙarasa Mini Addu'ata

"Ku ƙarasa!"

Muryar ta ratso bango har ta danne ƙarar keken ɗinkina. Na daina takawa. Sai na ji kofi ya daki ƙofa, ya faɗo yana birgima a kan siminti. Na ce a raina, matar da aka ce ko cokali ba ta iya ɗagawa, ga ta tana jifa.

Bango ɗaya ne tsakanina da Inna Mai Guga, bangon kuwa ba ya riƙe sirri. Ita 'yar Katolika ce, ni ba 'yar cocinsu ba, amma shekara da shekaru ina shan Rosarinta safe da yamma har na haddace ba da son raina ba. Addu'a ce da suke ja da carbi. Mai jagora ya faɗi rabin farko, sauran su amsa da rabi na biyu, sannan a matsa zuwa ƙwaya ta gaba. Sau nawa na buga bangon nan na ce ta rage murya, ta ce ba da ni take ba.

Na tura ƙofa na shiga. Tana kwance a gadonta na ƙarfe, an tokare ta da matasai, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Teburin gugarta ya cika da kwalaben magani. Matan zumuntar cocinsu suna durƙushe a tabarma, kowace ta sunkuyar da kai. Auta, 'yarta, tana tsaye jikin taga da farar rigar kantin maganin da take aiki.

"Mai Keke, gara da kika zo," in ji Inna. "Tsaya ki ji ɓarayi da kunnenki."

Ta ja numfashi ta fara: "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri..." har ta kai ƙarshen rabinta. Matan suka amsa a hankali: "Maryamu mai tsarki, Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu masu zunubi, yanzu..." Ɗaya ta yi tari. "Amin."

"Kin ji?" Inna ta dube ni. "Ina sauran?"

Na san sauran. Da lokacin mutuwarmu. Shi suka haɗiye.

"Inna, ai don kada hankalinki ya tashi ne," in ji shugabar zumuntar.

"Ga shi kuwa ya kwanta, ba ki gani ba?"

Auta ta juyo. "Ni na ce su bari. Allah ya san abin da ake nufi."

"Ya sani mana. Ni ce nake so in ji. Tun ina yarinya nake roƙon Uwar nan ta tsaya mini a ranar, yau da ranar ta taho sai ku ce a yi shiru?"

"Ba inda za ki, Inna."

"To yatsana ma ba inda zai je." Ta ɗaga carbin, ta matse ƙwayar da take kai. "Ba zan wuce nan ba sai an ƙarasa mini addu'ata."

Ba wadda ta ƙarasa. Matan suka tashi sum-sum, suna neman takalmansu a bakin ƙofa kamar su aka yi wa laifi. Haushi ya kama ni, don na tsani mutum ya zo dubiya ya tafi ya bar marar lafiya da fushi.

A baranda Auta ta riƙo hannuna. Na san ta tun tana yawo ba wando, amma ranar idonta ya fi ƙarfina.

"Anti, likita ya gaya mini komai, ba sai an maimaita mini a ɗaki ba. Kalmar nan ba za a faɗe ta a gabanta ba. Fada, limamin cocinmu, kuma ba zai shigo gidan nan ba."

"Ita fa ta nema?"

"Ta nema. Lokacin jinyar Baba ma ita ta kira shi. Ya shigo da mansa ya shafa, kafin ya kai bakin titi Baba ya cika. Ba zan sake gani ba."

Tausayinta na ji, na kuma ji kamar in girgiza ta.

Washegari da hantsi, bayan Auta ta fita aiki, ina yanka wuyan wata riga sai na ji muryar ta bango. Ta faɗi rabin farko ta yi shiru. Can ta sake faɗa, ta sake yin shiru. Haka ta yi ta yi, muryar tana dusashewa, ba mai amsawa. Na yanka wuyan a karkace saboda ita. Na ajiye almakashi, na matsa jikin bango, na ɗaga murya na faɗi rabin nasu duka, har da wurin da aka hana.

Sai ta ce, "Amin fa? Ke ma ɓarauniya ce?"

"Amin!"

Na zagaya na same ta tana dariya, dariyar tana sa ta tari. Na ba ta ruwa. Carbin yana nan a hannunta, yatsa a inda yake jiya.

"To ki matsa ƙwaya ta gaba mana," na ce.

"Naki kyauta ce, na gode. Daga bakin Auta nake so." Ta nuna hoton da ke saman gadonta da haɓa, wani dattijo mai gemu riƙe da yaro. "Kin san wannan? Waliyyi Yusufu. Kafinta ne. Shi ya mutu Yesu na gefe ɗaya, Maryamu na gefe ɗaya, shi ya sa muke roƙonsa kyakkyawan ƙarshe. Na ba shi aikin nan tun kafin a haifi Auta. Amma kin san kafintoci, kullum gobe."

"Kina yi wa waliyyinku tsiya, Inna?"

"Mun saba. Da can ina roƙonsa ya canja mini mutane, miji, maƙwabta, har ke. Bai canja ko ɗaya ba. Da na gaji sai na koma roƙon ya canja ni, shi ma a hankali yake yi." Ta kalli rufi. "Mai Keke, kin ɗauka ba na tsoro?"

Gaskiya haka na ɗauka.

"Tsoro nake ji har cikin ƙashina. Shi ya sa nake so a faɗa da ƙarfi. In kowa ya yi shiru, ni kaɗai aka bari da shi. Je ki kira mini Fada."

"Auta za ta cinye ni ɗanya."

"Ƙashi ne ke, ba za ta iya ba."

Na ɗaura ɗankwali na tafi. Ban taɓa taka harabar cocinsu ba sai ranar. Na sami Fadan a bayan gida yana ban ruwan shuka, tsoho ne mai ɗingishi. Ina faɗin sunan sana'arta ya ajiye bokiti. Ya ce ita ta yi ta goge masa rigunan coci har hannunta ya daina ɗaukar dutsen guga, ba ta taɓa fasa yi masa faɗa a kan ɗigon kyandir ba.

Muka iso daidai Auta ta dawo cin abincin rana. Tana ganin mu ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa katakon hagu da dama.

"Fada, ka yi haƙuri. Ba yau ba."

"'Yata, ba zan ture ki ba," in ji shi. "Zan tsaya nan."

"Anti, ke kuma na gode. Allah ya saka."

Sai na ji wata ƙara a bayanta, ƙarar ƙafar kujera tana jan siminti. Auta ta waiga. Inna ce. Ta sauko daga gado, ta kama bayan kujerar roba tana turawa, tana bin ta taku ɗaya ɗaya, zanenta yana ja a ƙasa. Gumi ya jiƙe mata fuska.

"Inna! Za ki faɗi!"

"Matsa."

"Inna, don Allah..."

"Kin ce ba zai shigo ba, ban ƙi ba, gidanki ne yanzu. Ni zan fita."

Auta ta sauke hannu ɗaya don ta tare ta, Inna ta bi ta ƙarƙashinsa. Na kama kujerar na juya, ta zube a kai a tsakiyar baranda, ƙarƙashin igiyar shanya, kayan mutane suna ɗiga. Mai gyaran rediyo na ɗakin ƙarshe ya leƙo, ya kashe rediyonsa.

Fada ya ce mu ja baya. Ya sunkuya, ta yi masa magana a kunne, ta daɗe. Sannan ya buɗe ɗan ƙaramin gwangwani, ya shafa mata mai a goshi da tafin hannuwa, ya sa mata farar gurasar nan tasu a harshe. Ta rufe ido. Ban taɓa ganin bakin Inna a rufe haka ba.

Da ta buɗe ido sai ta ce wa Auta, "Ga shi ya shafa. Na mutu?"

Auta ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Ni da mai rediyo muka ɗauki Inna da kujerarta muka mayar.

Daga ranar Auta ta daina gaishe ni. In mun haɗu a famfo sai ta kalli bokitinta. Ban bi ta da ban haƙuri ba, don ban ga abin da na yi ba. Ta bango kuma ina jin Inna kullum tana faɗin rabinta tana jira. Muryar ta yi ta raguwa har sai na kashe fanka nake jin ta.

Wata safiya, ban ko buɗe keke ba, aka ƙwanƙwasa mini. Auta ce, ba farar riga, ba ɗankwali.

"Anti, zo."

Numfashin Inna ya canja, yana fita da ƙyar yana daɗewa kafin ya dawo. Idonta a buɗe, yana kan 'yarta. Leɓunanta suna motsi. Na kai kunne, rabin farkon ne take ja, kalma tana faɗuwa tana tashi. Ta kai ƙarshe ta tsaya.

Auta ta durƙusa. Ta fara amsawa, ta zo "yanzu" ta maƙale. Na buɗe baki zan taya ta, Inna ta harare ni. A wannan halin ma harara ce sosai. Na rufe bakina.

"Ba na so, Inna," in ji Auta. "Ki sani ba na so."

Inna ta jira.

"Yanzu da lokacin mutuwarmu!" Da ihu ta faɗe shi, da fushi, har mai rediyo ya ce ya ji daga ɗakinsa. "Amin! Shi ke nan? Kin ji daɗi?"

Inna ta ɗan gyaɗa kai. Leɓunanta suka sake motsi, ta fara wata, amma ba ta kai tsakiya ba. Auta ta karɓa, ta faɗi na uwar ta faɗi nata, ta sake, ta sake, tana kuka tana faɗa ba ta tsallake komai. Ban san a wacce Inna ta tafi ba. Na dai lura ƙirjin ya daina tashi, na bar yarinyar ta kai ƙarshen wadda take kai sannan na dafa kafaɗarta.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta shafa idon uwar ta rufe, ta gyara mata zane. Na ce bari in je in sanar da mutane, ta ce in ɗan dakata.

Sai ta hau gadon. Gadon ƙarami ne, ta matsa jikin bango, ta naɗe ƙafafu, ta kwanta a bayan uwarta ta sa goshi a tsakanin kafaɗunta. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa. A waje wata tana shanya kaya, ruwa yana ɗiga a siminti.