Tsayuwar Na-Allah

Motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka tsikara, ta mutu a bakin ƙofar gidan Baba Na-Allah a Malanville. Daga kujerar baya tsohon ya saki wata ƙara da Hasiya ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ita da take katanga ɗaya da shi tun tana amarya.

"Siraju, sabka ka ba ni makulli," in ji ta.

"Yaya Hasiya, ki bari mana. Motag ga ta tsuhwa ne."

"Mota ba ta tsuhwa ba. Ƙahwarka ce ba ta da hankali."

Siraju ɗan Na-Allah ne, shi kaɗai ya rage masa. Jiya ya iso daga Kwatano, inda yake tuƙa wani Alhaji a mota otomatik, irin wadda ko jariri aka ɗora zai kai ta kasuwa. Ita kuwa tsohuwar Fijon ubansa tana da ambarayaj, abin da mutanen Kamba, can tsallaken iyaka, ke ce wa kuloci, kuma ba ta san alfarma ba. Siraju bai iya ta ba. Hasiya ta gane haka tun daga yadda ya damƙi sandar giya kamar zai daka gero. Amma maza sun cika bencin Kadiri mai shayi suna kallo, kuma Kadiri ya riga ya faɗa da ƙarfi cewa ba a taɓa yi ba, mace ta ja uba a mota ɗansa na tsaye.

Ga shi kuwa babu lokacin ɓatawa. Ciwo ya cinye ƙashin bayan Na-Allah, likita ya ce a mai da shi gida. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: a kai shi Garu wajen yayarsa Mariama su yafi juna. Sun ɓata kan gonar shinkafar gado tun gashin kansu na baƙi, har ta makance ba su gaisa ba. An kai mata waya ta ture. Ta ce gafara ba ta waya ba ce, mai so ya zo da ƙafarsa. Da asubar nan numfashinsa ya canza, kowa ya san ko yau ko babu.

Siraju ya sake murza makulli. Ya ba ta wuta har unguwa ta ɗauka, sannan ya fizge ƙafa daga ambarayaj gaba ɗaya. Motar ta zabura, ta daki bakin kwata, ta sake mutuwa. Wannan karon tsohon bai yi ƙara ba. Idanunsa suka juye, ya sume.

Hasiya ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofar baya ba. Aka kawo ruwa, aka yayyafa, aka yi ta fifita. Rana ta yi ta hawa. Tana jin ƙarar kasuwa na ƙaruwa daga can babban titi, ta san kowane ɗan jinkiri amalanke ne ke ƙaruwa a kan hanya. Zuciyarta ta kawo wuya. Ta juya wajen benci.

"Kadiri, kai da ko keke ba ka iya ba, kai ne malamin wa ya kamata shi yi tuƙi? In bawan Allah wanga ya cika a bakin kwata, sai ka zuba mishi shayi!"

Kadiri ya sunkuyar da kai yana goge kofin da ba shi da datti.

Da ƙyar Na-Allah ya farfaɗo. Ya daɗe yana kallon rufin motarsa kafin leɓensa ya motsa. Siraju ya kai kunne.

"Ba ta makulli."

"Baba, ni ɗanka..."

"Kai ɗana ne. Ita direba ce."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Siraju ya fito gumi na zuba, ya miƙa makulli bai dube ta ba, ya shiga baya ya ɗora kan ubansa a cinya. Hasiya ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta cire takalmi, ta ja kujera gaba. Da ta ɗaga ido ta ga fuskar Siraju a madubi, sai ta kai hannu ta kautar da madubin. Ba ta son ganinsa.

A wannan motar ta koyi tuƙi, bayan mijinta ya rasu ya bar mata bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar albasa, direbobin haya suna ta kashe mata ita. Na-Allah ya kai ta filin bayan makaranta. Ba ya yawan magana in yana koyarwa. Zoben azurfa gare shi a yatsa, in lokacin canza giya ya yi sai ya ƙwanƙwasa jikin mota, ƙwas. In ta makara ya ƙwanƙwasa mata a gwiwa. Cewa yake mota tana roƙo da bakinta, direban kirki da kunne yake tuƙi. Sau nawa ta koma gida tana kuka tana rantsuwar ba za ta sake ba, gari ya waye ta dawo.

Ta taka ambarayaj har ƙasa, ta tayar, ta sa giya ta ɗaya da yatsu biyu. Ta rinƙa sassauta ƙafar hagu a hankali har ta ji motar ta ɗan ɗaga hanci, muryar inji ta yi ƙasa. A nan ta riƙe, ta ba ta wuta kaɗan. Fijo ta zame daga bakin kwata kamar jirgi ya bar gaɓa. Mazan benci suka bi ta da ido.

Ƙwas.

Tsohon ne, kwance, ya miƙa hannu yana bugun ƙofa da zobe.

"Baba, na sani!" Ta sa ta biyu.

Babban titi ya riga ya cushe, kamar yadda ta ji tsoro. Manyan motocin kaya, kamyo, sun yi layi har ido ya gaza, 'yan kabu-kabu na kutsawa ta kowace kafa, masu amalanke sun ɗoro buhunan albasa da shinkafa suna ihun a ba su hanya. Da sun fito tun farko da yanzu sun wuce duk wannan. Hasiya ta cije leɓe. Ta bar rata tsakaninta da motar gaba don kada ta rinƙa tsayawa tana tashi, ta bar Fijo na rarrafe da kanta. Wani ɗan kabu-kabu ya faɗa cikin ratar. Ta taɓa birki a hankali, ta sake shi kafin motar ta dunƙule, sannan ta leƙa ta taga ta wanke shi tas, da Hausa da Dandanci.

"Ɗauke ƙahwa," in ji murya daga baya, siririya.

Ta duba. Ƙafarta ta hagu na kwance kan ambarayaj, abin da ya hana ta tun ranar farko. Ta ɗauke.

"Mutum shina mutuwa, bai bar hwaɗa ba," ta ce tsakanin haƙora.

"Na ji ki."

"Don ka ji na hwaɗa."

Hali zanen dutse. Haushinsa take ji, da na Kadiri, da na kasuwa, da na Mariama mai taurin kai da ta ƙi karɓar waya. Amma babban haushin na wanda ke zaune bayanta ne, kuma da suka fita gari ta kasa riƙe shi.

"Da ka ce ba ka iya ba, mi za ya ci ka? Ka tsaya kana neman girma wajen masu shan shayi, ubanka na suma."

"Yaya Hasiya, don Allah."

"Don Allah mi? Duk garin ga ba wanda bai koya ma tuƙi ba, sai kai ɗan cikinai."

Siraju ya gyara kan ubansa a cinya. Can ya ce, "Ke gwiwa yake bugun ki. Ni a ka ne."

Maganar ta ƙara mata haushi. Inji ya ɗaga murya. Sai zoben ya ce ƙwas, ta sa ta uku.

Hanya ta lalace bayan ruwan bana. Hasiya ta san ramukanta kamar ɗakinta, don nan take bi ɗaukar albasa. Kafin kowane rami ta rage gudu tun da nisa, ta dawo ta biyu, ta saki birki kafin taya ta faɗa, motar ta sauka ta hau kamar tana numfashi. Zuciyarta na cewa taka, taka ki isa, ƙafarta na ƙi. In ta yi gudu ciwo zai kashe shi, in ta yi sanyi lokaci zai kashe shi. Gonakin shinkafa suka buɗe hagu da dama, kore shar, mata sun duƙa cikin ruwa. Duk fitowa daga rami inji ya ɗaga murya, zoben ya amsa. Ƙarar tana raguwa, amma tana zuwa, kuma kullum kafin hannunta ya kai ga sanda, kamar yana tsere da ita.

Suka haye wani dogon kwari, bishiyoyin Garu suka bayyana. Hanya ta miƙe. Inji ya fara roƙon ta uku. Hasiya ta ɗora yatsu kan sanda, sai ta ce a ranta bari dai ya buga, tunda ba ya gajiya. Ta jira.

Inji ya ƙara murya. Ta jira.

Inji ya yi ta kuka har sitiyari na rawa a hannunta.

Ta kai hannu ta gyara madubi. Siraju ya riga ya rufe wa ubansa ido. Hawaye na sauka ta gemunsa, ya riƙe hannun mai zoben a ƙirji, leɓensa na motsi ba sauti.

"Tun yaushe?"

"Tun cikin kwari. Ban so ki taka birki."

Ta so ta yi ihu. Ta so ta tsaya ta fito da shi ta mare shi, ta koma Malanville ta kifar da teburin Kadiri. Tafiyar da ta rage ba ta kai shan kofin shayi ba, kuma sun zubar da ninkinta a bakin kwata. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, muryarta na karyewa. Sannan ta taka ambarayaj, ta ɗan dakata a tsakiya yadda ya koya mata, ta sa ta uku. Akwai sauran rami biyu kafin gari. Ta rage gudu ta lallaɓa su duka.

Mariama na zaune kan tabarma a inuwar dogon yaro a ƙofar gida, tsohuwa ƙanƙanuwa, tana tsince shinkafa da yatsu a faifai. An shimfiɗa wata tabarmar sabuwa kusa da ita, ba kowa a kai. Hasiya ta dawo ta biyu, ta taɓa birki, ta sassauta shi a gaɓar ƙarshe. Motar ta tsaya ko ƙura ba ta tayar ba.

Tsohuwar ta ɗaga kai, ta karkata kunne. Ta ajiye faifai.

"Wagga tsayuwar Na-Allah ce," in ji ta. "Ba mai tsai da mota haka sai shi. Ku ce mishi shi sabko, ga tabarma. Na gaji da hushi."

Ba wanda ya buɗe ƙofa. Inji na ta bugawa a hankali, Hasiya na riƙe da sitiyari, ƙafarta ba takalmi tana danne da ambarayaj har ƙasa. Mariama ta miƙa hannu tana shafa sabuwar tabarmar, tana kakkaɓe ganyen da ya faɗo a kai.