Kujerar Gefen Murhu

Idwal ya tura ƙofar kaban da kafaɗa, ruwan sama na ɗiga daga bakin hularsa, gwangwanin shayinsa a hammata, sai ya tarar an riga shi. Wani ne zaune a kujerar gefen murhu, ya miƙe ƙafa abinsa, da kofi a hannu.

"Sannu dai," in ji Idwal, da muryar da babu sannu a cikinta. "Ina jin ka yi ɓatan kai."

Mutumin ko gezau. Idwal ya goge tabarau da gefen riga, ya matsa kusa. Kwat ɗin marigayi Gwilym ne a jikinsa, har da facin gwiwar hannu. Fuskar kuwa ta kakin zuma ce, sai sheƙi take, an manna mata gashin baki a karkace.

Daga kan benci wani ya fashe da dariya har da tari. Caradog ne, abokin faɗansa tun suna yara.

"Gaishe shi da ladabi mana! Shugabanka ne."

Kaban ɗin nan bukkar dutse ce da mahaƙa dutsen allo suka gina da hannunsu don cin abincin rana. A nan ake shan shayi, a yi musu kan wa'azin Lahadi, a yi gasar waƙa, wanda ya yi zagi kuma a ci shi tarar wanke kofuna. Zama a cikinta da tsari yake. Sabon shiga a bakin ƙofa yake zama, inda iska ke yankar ƙafa. In wani ya bar aiki ko ƙurar dutse ta gama da huhunsa, sai kowa ya matsa gaba da mazauni ɗaya. Can ƙarshe akwai kujera mai hannu, a lungu tsakanin murhun ƙarfe da bango, bututun hayaƙi ya bi ta bayanta. Ita ce ta shugaba.

Mahaƙar ta rufe tun Idwal na da baƙin gashi. Ramin ya cika da ruwa, tumaki na kiwo a kan layin dogon da ake gangaro da fallayen dutse zuwa bakin teku. Mutanen ƙauye sun mai da wurin gidan tarihi, amma tsofaffin ba su fasa zuwa kaban kowace Alhamis ba, ba su kuma fasa matsawa ba. Shekara sittin Idwal yana jan gindi a kan bencin nan. Makon jiya aka binne shugaba Gwilym, kuma Idwal ne ke bin sa a layi. Yau da safe har aski ya yi.

"Wa ya ajiye wannan abin?"

"Ni ce, Kawu Idwal." Heulwen ce a bakin ƙofa, riƙe da farantin burodin zabibi. Ita ke kula da gidan tarihin, kuma ubanta da su ya yi aiki. "Baƙi suna shigowa su ga ɗaki wayam, su ce ina mutanen. Matar Kawu Gwilym ce ta ba da kwat ɗin da kanta."

"Ina mutanen? Mu tumaki ne?"

"Ku ai sai Alhamis."

"To yau Alhamis ce. Ɗauke shi."

"Tsaya nan!" Caradog ya ɗaga sandarsa. "Tun zamanin kakanninmu ba a taɓa tayar da mutum daga mazauninsa ba sai an kawo ƙuduri, an kuma ji ta bakinsa. Ko ka manta doka ne, don yau ta biyo ta kanka?"

"Wannan mutum ne?"

"Yana da kwat, yana da kofi. Da ka shigo kaban ɗin nan ko kofi ba ka da shi, na wani ka ara."

Idwal ya dire gwangwanin shayinsa a kan tebur. Dokar gaskiya ce, kuma shi da kansa ya sha kafa wa mutane ita.

Aka naɗa Elfed ya jagoranci zaman, tunda shi ne na uku kuma na ƙarshe. Nakiyar fasa dutse ta kurmanta Elfed tun yana saurayi, saboda haka babu mai zarginsa da son kai. Ya hura murhu, ya ɗora buta, ya buga cokali a kan tebur.

"Ku hura kaɗan fa," in ji Heulwen. "Bari in je in tarbi motar baƙi daga Caernarfon."

Elfed ya yi mata murmushi, ya gyaɗa kai, ya ƙara kwal.

Idwal ya miƙe, ya riƙe ƙirjin kwat ɗinsa kamar mai wa'azi. "Ina kawo ƙuduri a tayar da wannan baƙo. Bai taɓa tsaga dutse ba. Bai taɓa ratayuwa da igiya a jikin tsauni cikin ƙanƙara ba. Ku dubi hannunsa, sumul kamar na jariri. Dutsen da muka tsaga a nan ya rufe gidaje har ƙetaren teku, shi kuwa ko akurkin kaji bai rufe ba."

"Ka gama?" Caradog ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. "Ni ne lauyansa. Na farko, tun safe yake nan bai katse kowa ba. A wane shugaba muka taɓa samun haka? Na biyu, bai ci burodin kowa ba. Na uku, bai ba mu labarin ranar da ya tsaga falle mai siririn da ake karanta jarida ta cikinsa ba."

"Na tsaga!"

"Kowace shekara fallen nan ƙara sirancewa yake. Bana ina jin iska ce zalla."

"Kai da rabin abin da ka tsaga yana kan tulin shara? Ka leƙa taga, ga tsauninka can, da hannunka ka tara shi."

"An amince," in ji Elfed, ya buga cokali.

"Ba a kai nan ba tukuna!" suka ce tare.

Elfed ya sake murmushi, ya ƙara kwal.

Muhawara ta yi nisa. Aka tono wanda ya fara shiga mahaƙa, aka tono wanda ya yi kuka ranar farko, aka tono wata Nesta da ta ƙi su duka biyun ta auri direban bas. Buta ta tafasa har murfinta na rawa. Cikin murhun ya yi ja. Idwal na magana, amma ya san Elfed na iya ɗaga hannu ga kowane ɓangare. In ƙuri'a ta juya masa baya, doka ta ɗaure shi ke nan, zai mutu a kan benci yana kallon gunki a kujerarsa.

"Saura abu ɗaya," in ji Caradog. "A ji ta bakin wanda ake ƙara."

Suka juya su uku suka dubi baƙon.

Kunnensa na hagu ya sauko har wuyan kwat. Kumatun ya zazzago, gashin bakin ya sulale ya tsaya a haɓa. Suna cikin kallo ido ɗaya ya lumshe a hankali, kamar mai jin kunyar abin da aka faɗa a kansa.

"Ka ga abin da ka jawo," in ji Caradog ƙasa-ƙasa. "Ka sa shi kuka."

Daidai nan Heulwen ta shigo da baƙi a bayanta, da lemominsu da kyamarori. Ta yi ƙara, ta sunkuci mutum-mutumin ta hammata, ta ja shi waje takalmansa na gurzar ƙasa. "Na ce kaɗan! Kawu Elfed, kaɗan na ce!" Wata tsohuwa cikin baƙin ta yi tafi, a zatonta wasa ne aka shirya musu.

Ƙofa ta rufe. Kujera ta rage babu kowa.

Caradog ya yi gyaran murya. "Wanda nake karewa ya bar zama ba da izini ba. Na janye." Ya kawar da kai wajen taga. "Je ka zauna mana, tsoho. Ko sai an ɗauke ka?"

Idwal ya gyara hula. Taku kaɗan ne daga benci zuwa kujerar, amma bai yi sauri ba. Ya dafa hannun kujerar inda tafin Gwilym ya goge katakon sumul, da na waɗanda suka riga Gwilym. Ya zauna. Idonsa ya ciko.

Sai kuma wani abu ya fara cikowa a bayansa.

Zafin bututun ya ratsa kwat, ya ratsa riga, ya kama gadon bayansa. Murhun ya tasa ƙaurinsa na hagu a gaba kamar mai gashin tsire. Kunnensa ya ɗau raɗaɗi. Nan take ya tuna yadda kunnen Gwilym ke yin jawur, da yadda yake zama a karkace, wanda kowa ya ɗauka ƙasaita ce. Ya tuna yadda yake rufe taro ana tsakiyar magana, ya fita ya tsaya cikin ruwan sama wai yana duba gari. Shekara da shekaru, tsohon nan bai ce uffan ba.

Caradog ya riga ya matsa zuwa mazaunin da Idwal ya bari, inda ɗumi ke isowa daidai wa daida. Amma idonsa na kan kujerar, irin kallon da Idwal ya san shi sarai.

"To, yaya?" in ji Caradog.

Gumi ya gangaro ta bayan kunnen Idwal. Ya karkace kaɗan, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kurɓi shayi.

"Sai wanda ya zauna," ya ce. "Kai dai ka kula da lafiyarka, Caradog. Taka tana nan tafe."

Elfed ya buga cokali, ya miƙe, ya ɗebo kwal cike da shebur don girmama sabon shugaba.