Inda Waƙar Ke Yankewa

Raimo yana durƙushe a ƙarƙashin tebur da tocila a baki, yana laluben bayan kwamfuta, sai waƙar ta sake yankewa. Ya zabura, ƙeyarsa ta bugi katako, ƙum!

"Kai, wannan shegiyar aba!"

Kafin ya fito, sautin ya dawo da kansa kamar ba abin da ya faru. Amma aikin gama ya gama. Matarsa Aila, da ke zaune a kujerarta ta bakin taga, ta riga ta rufe baki ta juya kai tana kallon waje.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta a farkon hunturu magana ta ɗauke mata. Matar da ta ƙare aikinta tana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta birnin Tampere, wadda bakinta ba ya hutawa, yanzu ko "kofi" ba ta iya cewa. Likitar da ke koya mata magana ta ce waƙa kan bi hanyar da magana ta kasa bi, a riƙa sa mata wadda ta sani sosai. Sai Raimo ya tono waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan unguwa da Aila ta yi ƙuruciyarta a ciki, waɗanda 'yarsu ta juye masa a kwamfuta. Ya ja wayar tagulla daga katin sautin kwamfutar zuwa amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Aila kan bi da 'yar murya a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya, amma dai tana bi. Da sautin ya yanke, Raimo ya miƙe da masifa ya faɗa ƙarƙashin tebur, shi ke nan ta yi shiru sai wata ranar kuma.

Ba abin da bai gwada ba. Ya canja waya, ya sake saka manhajar katin, ya zare katin ya hure shi ya mayar. Wata rana abu ya yi lafiya lau, wata rana ya riƙa tsinkewa kamar ruɓaɓɓen zare. Tsoronsa ɗaya ne, kada Aila ta gaji ta daina ko wannan 'yar muryar.

Aka buga ƙofa. Jorma ne, ƙanin Aila, da tawul a wuya. Ranar Asabar ce, kuma tun suna samari ba ya fashin wankan sauna a gidan nan, wato shiga ɗan ɗakin zafi mai murhun lantarki a yi gumi.

"Tsoho, har yanzu kana ƙasan tebur? Ka kai katifarka can mana."

"In ba ka da abin faɗa, zuba kofi ka zauna."

"Ka kunna saunar dai ko?"

"Tun ɗazu. Kai dai ba ka san komai ba sai gasa fata."

Jorma ya sumbaci yayarsa a ka, ya ɗauki burodin kirfa, ya jingina da bangon baranda kusa da akwatin wutar gida yana tauna. Raimo ya sake kunna waƙar. Ta tafi, ta tafi, sai ɗif.

"Tsaya!" in ji Jorma, bakinsa cike. "Wani abu ya yi ƙas a cikin akwatin nan daidai lokacin da ta yanke."

"Firji ne. Na riga na gwada shi, ba ruwansa da waƙar."

"Firji a baranda? Murhun saunarka ne, malam. In ɗakin ya huce ya kunna kansa, in ya yi zafi ya kashe kansa."

"Haba dai! Sauna?"

Raimo ya ji kamar an zagi uwarsa. Ya zargi waya, ya zargi katin, har maƙwabci ya zarga, amma wane mutumin ƙasar nan ne zai zargi sauna? Jorma ya je ya murɗa makunnin murhun. Ƙas, waƙa ta yanke. Ya sake murɗawa. Ƙas, ta sake yankewa. Ashe duk lokacin da murhun ya fizgi wuta, wayar tagullar ke firgita, amfilifaya ta rasa sautin na ɗan lokaci.

"To, a kashe saunar," in ji Raimo, murya a sanyaye.

"Ranar Asabar? Allah ya kiyaye! Ina da wata waya a gida, irin wadda haske ke bi ta cikinta. Ita ba ruwanta da wutar murhu. Bari in ɗauko."

Ya fita. Raimo ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ji gajiyar watanni ta sauko masa a kafaɗa. Ya mayar da waƙar farko, ya jawo kujera kusa da Aila, ya riƙe hannunta mai lafiya. Tsohuwar waƙa ce ta wani masunci da ke jiran matarsa a bakin tafki. Aila ta fara bi a hankali.

Ƙas. Ɗaki ya yi tsit.

Wannan karon Raimo bai tashi ba. Ya san dalilin, ba abin da zai nema a ƙasan tebur. Ya zauna kawai, hannunta a nasa. Sai a cikin shirun nan ya ji wata murya a dushe, tana rawa, tana jan kalmomin da ƙyar:

"...har ki... dawo... gida."

Sautin ya dawo, mawaƙa suka tarar da ita daidai inda take. Aila kanta ta zaro ido tana kallonsa, kamar tana tambayar wa ya yi maganar. Ashe duk watannin nan, da waƙar ta ba ta wuri, shi ne ke cike wurin da zage-zagensa. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Jorma ya shigo yana kaɗa sabuwar waya. "Ga maganin ciwon kanka. Matsa in..."

"Ajiye ta."

"Me?"

"Ta yi magana, Jorma. Da waƙar ta yanke, ita ta ƙarasa."

Jorma ya juya ya dubi yayarsa.

"Je ka tsaya wajen makunnin murhu," in ji Raimo. "In ka ji an zo ƙarshen baiti, ka murɗa."

"Ai akwai maɓallin tsayarwa a kwamfutar, tsoho."

"In ta ga na miƙa hannu za ta yi shiru. Ni kuma ba zan sake tashi daga nan ba."

Jorma ya ajiye wayar a kan tebur, ya goge fuska da tawul ɗinsa, ya nufi baranda. Daga can ya ɗaga murya.

"Aila, kin shirya? Ga ni a bakin aiki."

Aila ta matse hannun mijinta, ta ja numfashi.