Ki Yi Wasa da Ita Kamar a Gida

Ƙanwar mijinta ce ta matsa mata ta zo. "Matar Yaya, kina zaune kamar an dasa ki. Masu binciken halayyar jarirai na neman uwaye. Tashi mu je, ko iska kya sha."

Tela ce, amma tun da ta haihu keken ɗinkin ke rufe da tsohon zane. Ta goya 'yar ta bi bayanta.

Ɗakin da aka kai ta a asibitin ƙarami ne, kujera ɗaya ta manya, ɗaya ta jarirai mai ɗamara, kyamara a kusurwa, sai wani faffaɗan gilashi a bango da ba a ganin na bayansa. Malamar da ke binciken ta yi mata bayani a hankali. Da farko ta yi wasa da 'yar kamar yadda suke yi a gida. In fitila ta kama, ta ɗaure fuska, ba murmushi ba magana. In fitilar ta mutu, ta koma wasa. So suke su ga abin da jariri ke yi in uwa ta daina amsa masa. Yawanci sukan miƙo hannu, su yi ta gwalantu, daga baya su ɓarke da kuka.

Ta ce to.

Malamar ta fita. Ta zauna tana kallon 'yar. Ta gyara mata safa, ta goge mata yawu da bakin mayafi. 'Yar ta kalle ta sau ɗaya, ta juya tana tsotsar ɗamara.

Ba a jima ba malamar ta buɗe ƙofa.

"Yaya, fitilar ba ta kama ba tukuna. Wasa za ki yi da ita yanzu."

"Ai wasan nake."

Malamar ta tsaya riƙe da ƙofa. Sai ta je ta kashe kyamarar, ta durƙusa kusa da ita.

"Tun yaushe kike jin haka?"

Ta yi tunani. Ba ta jin komai, shi ne abin. Tana ba 'yar nono, tana yi mata wanka, ba ta taɓa barin ta da yunwa ba. Ta faɗi hakan, kamar mai ba da labarin maƙwabciya.

"Na ɓata muku aiki ko?"

"Na yau dai ba zai shiga lissafinmu ba. Amma akwai likita a sama, ta ga irin wannan da yawa bayan haihuwa, kuma ana samun sauƙi. In kin yarda, in raka ki."

A waje ƙanwar mijin ta taso da dariya. "Har kun gama? 'Yarmu ta ci jarrabawa?" Da ta ga fuskar malamar, ta daina dariyar ta karɓi jaririyar.

Suka hau bene. Mutum biyu ne a gabanta. Ta zauna a benci, ta zuba wa siket ɗin matar da ke kusa da ita ido. An karkata kalmasar, zaren ma ba kalar yadin ba ne. Tana nan tana kallonsa har aka kira ta.