Ranar da Aka Ƙwace Motar Asibiti

Shekara tara Baban Tagwaye ya yi yana tuƙa motar asibiti ta wata ƙungiyar agaji. Ko da rikici ya raba yankin biyu, sojoji a wannan gefen kogi, 'yan tawaye a wancan, ba a taɓa tsare shi ya wuce minti biyu ba. Kowa ya san abin da motar ke ɗauka: mai naƙuda, mai karaya, wanda harsashi ya samu, ba a tambayar na wane ɓangare ne.

Wata Talata da hantsi suna dawowa daga babban asibiti, shi da ma'aikaciyar jinyar da kowa ke kira Sista, sai wani sabon saje ya tare su a shingen bakin gada. Kusa da shi akwatunan katako huɗu ne a jere.

"Buɗe baya, direba. Za ka tsallakar mana da kayan nan da sojoji uku."

"Ranka ya daɗe, ai motar marasa lafiya ce."

"Su ma ba su da lafiya. Ga wancan mura yake yi."

Sojojin suka kwashe da dariya. Sista ta leƙo ta taga.

"Yallaɓai, dokar yaƙi ta hana. Motar da ke da wannan tambarin ba ta ɗaukar makami. Gwamnati ma ta sa hannu."

"Gwamnati ta sa, ni ban sa ba."

Baban Tagwaye ya riƙe sitiyari gam, ya ce ba inda za shi. Bai rufe baki ba aka ɗauke shi da mari, aka finciko shi waje, hularsa ta faɗa kwata. Awa uku suka yi zaune a bakin kwalbati, rana na gasa su. Marin bai yi masa ciwo ba kamar jin da ya yi sojan da ke tuƙi ya kunna jiniya yana hawa gada.

Da aka dawo da motar, gadon majinyaci duk sawun takalma ne, an tattaka robobin ƙarin ruwa sun fashe.

Washegari shugaban ofis, mutum mai sanyin murya, ya miƙo wa Baban Tagwaye takarda don ya sa hannu. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa: wai jami'an tsaro sun ari motar na ɗan lokaci.

"Aro? Oga, dubi kumatuna. Haka ake aro?"

"Baban Tagwaye, mu bi a hankali. Su ke ba mu izinin wucewa."

"Ku ne fa kuka zaunar da mu kwana uku a ɗakin taro kuna koya mana dokar nan, har jarrabawa muka yi. Ashe ta ɗakin taro ce kawai?"

Ya ajiye biro. Sista ta yago takarda daga littafinta ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru, su biyu suka sa hannu, ta ce a haɗa da rahoton da za a aika sama.

Ranar Alhamis aka bugo waya daga wani ƙauye a tsallaken kogi: wata mata na naƙuda tun asuba, jini ya ɓalle. Suna sauka daga gada suka tarar an gindaya itace a hanya. Shugaban 'yan tawayen da ke gadin wurin dattijo ne da Baban Tagwaye ya sani sarai, don bara shi ya kai ɗan dattijon asibiti da harsashi a cinya.

"Baba, ni ne fa," in ji Baban Tagwaye.

"Na gan ka. Shekaranjiya su wa suka fito daga bayan motar nan?"

"Wallahi ƙwace ta aka yi."

"Mu ba mu ga ƙwace ba, bindigogi muka gani. Ku wuce da ƙafa in kuna so. Mota kam a nan za ta tsaya."

Suka sauke gadon ɗaukar majinyaci, suka shiga ƙauyen da gudu. A dawowa shi da mijin matar suka riƙe gadon, Sista na biye tana ɗaga robar ruwa sama. Tafiyar da mota ke yi a minti takwas sai da ta ci musu awa ɗaya da rabi. Matar ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba, kuma likita ya ce da an iso da wuri, wataƙila da an same shi.

Baban Tagwaye bai je gida ba. Da rigarsa mai jini ya shiga ofis, ya tsaya gaban teburin shugaban yana huci. Shugaban ya dube shi, ya sunkuyar da kai, ya jawo takardar Sista daga aljihun tebur. Ashe bai aika ba. A gabansa ya aika ta.

Bayan wata guda aka ce an hukunta sajen: an mayar da shi wani shingen, kilomita goma gaba. Su kuwa mutanen tsallake sai da aka yi mako biyar ana zama da dattawansu kafin suka janye itacen. Har yau sai sun buɗe motar sun ɗaga katifa, sun leƙa kowane akwatin magani, shiga da fita. Baban Tagwaye yakan tsaya gefe yana cizon leɓe, majinyaci na nishi a ciki, har su gama.