Cizon Pepper

Shekara uku Russell Kovalchik ya yi yana haɗa bindigar nan a garejinsa, kuma duk wanda ya san shi a garinmu ya sha labarinta har ya ƙoshi. Irin wadda ubansa Emil ya ɗauka a yaƙin Koriya ce, mai nauyin tsiya, sai ƙato ke iya yini da ita a kafaɗa. Ta asali ɓarin wuta take yi. Wadda doka ta yarda mutum ya haɗa a gida kuwa, in ka ja kunama sau ɗaya harsashi ɗaya za ta ba ka, amma a ido ba ka bambance su. Tsofaffin sassa ya bi yana tsintowa, wannan daga Ohio, wancan daga hannun wani tsoho a Kentucky. Shekara talatin da ɗaya Russell ya yi yana sassaƙa ƙarfe a masana'anta kafin ya yi ritaya, saboda haka aikin ƙarfe bai ba shi wuya ba. Ƙota kawai ta rage, wato katakon nan da ake dannewa a kafaɗa.

Ba ƙota ce ta ƙare a kasuwa ba. Guda ɗaya tak yake so, ta bindigar Emil ɗin kansa, wadda ta tsage a can aka sauya masa wata, shi kuma ya cusa tsohuwar a jaka ya dawo da ita gida. Ranar da aka raba kayan tsohon bayan rasuwarsa, injin sassaƙa ƙarfe ya faɗa hannun Russell, ƙota ta faɗa hannun ƙaninsa Neal, don shi kafinta ne. To Russell da Neal, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun ranar jana'izar ba sa ga maciji.

A gefen ƙotar, daidai inda kumatu ke kwanciya, akwai wasu ƙananan ramuka a jere, layi biyu a lanƙwashe. Tun suna yara kowa a gidan ya san labarinsu: Pepper ce, tsohuwar karyarsu, ta samu ƙotar a ƙarƙashin gado ta tauna. In aka tayar da maganar sai Emil ya yi murmushi, karyayyen haƙorinsa na gaba ya fito, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a.

Russell kaɗai ya san ƙarya ce. Shekara tara da suka wuce, wata la'asar a asibiti, yana zaune gefen gadon tsohon, Neal kuwa yana can dutse farautar barewa don likita ya ce da sauran lokaci. Emil ya kamo hannunsa ya gaya masa. Watan Disamba ne a Koriya, guntun ƙarfen bam ya shige masa cinya, ya faɗa cikin kwata a gefen hanya, sojojin abokan gaba suna wucewa ta samansa, tun hantsi har rana ta karkata ba su ƙare ba. In ya yi nishi sun ji. Sai ya sa ƙotar a baki ya datse. A nan haƙorin ya karye.

"Karya ba ta ci komai ba, ni na ɗora mata," in ji tsohon. "Ka gaya wa Neal."

Russell ya ce to. Kwana biyu bayan nan Emil ya cika, Neal ya iso da rigar farauta a jikinsa, ya fi kowa kuka, mutane suka yi ta rungumarsa suna cewa ai shi ne ɗan gaban goshin tsohon. Russell yana tsaye yana kallo, zuciyarsa tana tafasa. Shi ya yi jinya, shi ya kwashe bayan gida, amma wai wancan ne abin tausayi. Nan take ya ƙudurta cewa wannan labarin dai nasa ne. Neal ya samu farauta da kamun kifi da dariyar tsohon shekara hamsin, to wannan ɗaya ba zai samu ba. Mugunta ce, kuma Russell ya san mugunta ce, amma daɗinta yake ji.

Abin da yake so yanzu shi ne ranar tunawa da tsofaffin sojoji ya ɗora bindigar a teburin ƙungiyar maharba, da haƙoran ubansa a jikinta, kowa ya wuce yana cewa cizon kare, shi kaɗai ya san gaskiya. Saura kwana shida. Ranar Litinin ya haɗiye girman kansa ya tuƙa mota zuwa shagon Neal.

Ya tarar da shi yana goge ƙofar kabad da inji, garin katako har a gira. Neal bai kashe injin ba sai da ya ga dama.

"A'a, yau babban injiniya ne a shagon talaka? Hanya ka ɓata?"

"Ƙotar Baba na zo karɓa."

"Ko gaisuwa babu."

"Ina kwana. Ƙotar Baba na zo karɓa."

Neal ya yi dariya ba ta daɗi ba. "Shekara tara ba ka taka nan ba, ko da aka yi wa Darlene aiki a gwiwa ba ka leƙo ba. Yau ka zo da ƙafarka saboda guntun katako. Na ji labarin abin wasan naka. An ce in ka harba sau uku sai ta tsaya ta huta."

"Wanda ya gaya maka bai san bindiga ba, kamar kai."

"Ni da na kashe barewa kafin ka iya ɗaura takalmi?"

"Na girme ka da shekara uku, Neal."

"A takarda."

Darlene, matar Neal, ta shigo da kofi biyu, ta dubi wannan ta dubi wancan. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurin ya kusa ƙarewa a kan 'yan gidan nan. "Tsofaffi biyu da furfura, kuna yi kamar zakaru a akurki ɗaya. Neal, ba shi abin nan. Yana can ƙarƙashin benci cikin tsummokara, ko kallonsa ba ka yi."

Jin haka Russell ya ji kamar an mare shi. Cikin tsummokara. Amma ya danne, don in ya nuna zafi za a tambaye shi dalili.

Neal ya kurɓi kofi ya daɗe yana juya maganar. "Zan ba da. Amma ba zan miƙa maka ita a tsage ka je ka ɗaure da waya irin aikinku na maƙera ba. Ni zan gyara tsagar, ni zan kawo ranar Asabar, ni zan ɗaura."

"Gyara tsagar kawai. Kada ka taɓa komai."

"Kamar yaya kada in taɓa komai?"

"Yadda na faɗa. Yadda take haka nake son ta."

Nan ne fa ya kamata ya buɗe baki. Kalma goma ta isa. Darlene ma sai da ta dube shi kamar mai jiran sauran magana. Amma Russell ya kalli fuskar ƙaninsa, fuskar nan mai kama da ta tsohon fiye da tasa, sai maganar ta koma ciki.

"Au, koya mini aikin katako za ka yi?" in ji Neal. "Shekara arba'in ina wannan sana'a, sai mai goge ƙusa ya zo ya gaya mini inda zan taɓa?"

"Na dai gaya maka."

"Na ji, ranka ya daɗe. Ka rufe mana ƙofa in ka fita, sanyi na shigowa."

Kwanakin nan Russell bai samu sukuni ba. Sau biyu ya ɗauki waya, sau biyu ya ajiye. Yana gaya wa kansa cewa Neal komai iskancinsa ɗan ƙungiya ne, ya san ƙa'ida. Mu nan ko yaro ya san ba a kankare tsohuwar ƙota. Wanda ya bi hatimin soja da ke jikinta da sanfefa, har ya mutu ana nuna shi da baki a wajen baje koli. Da wannan ya kwantar da hankalinsa, ya manta da ɗaya dabarar da kowane mai gyaran ƙota ke alfahari da ita.

Ranar Asabar da hantsi, dusar ƙanƙara ta farko tana sauka sama-sama, motar Neal ta tsaya a ƙofar gareji. Darlene ta fito da kwanon kabeji da taliya a rufe, wai ko albarkacin abinci za su zauna teburi ɗaya. Neal ya shigo da abu naɗe cikin tsohon bargo. Ya zagaya bindigar da ke kwance a kan benci, ya duba ta sama da ƙasa.

"Ba laifi," ya ce. "Na zaci za ta fi haka muni."

Ya ajiye bargon ya warware a hankali, yana kallon fuskar wansa don kada komai ya wuce shi.

Katakon yana sheƙi, ya sha mai. Tsagar ta ɓace, sai ka kawo ido kusa za ka ga zaren layinta. Russell ya juya ta gefen kumatu. Sumul. Ya shafa da babban yatsa, ya koma ya shafa, ya kai ta bakin taga wajen haske. Babu rami ko ɗaya.

"Hatimin soja yana nan, ban taɓa shi ba, ni ba jahili ba ne," in ji Neal. "Ɓarnar Pepper kawai na fitar. Jiƙaƙƙen tsumma da dutsen gugar Darlene. Ka ɗora, tururi ya shiga, katakon ya kumburo ya koma yadda yake. Akwai wani rami ɗaya mai taurin kai, sai da na yi masa sau bakwai, na bi da sanfefa kaɗan. Ka ce kada in taɓa. To duba da kyau, ka gaya mini wane maƙeri ne zai iya wannan."

Russell ya san ramin. Na tsakiya ne a layin sama, wanda ya fi sauran zurfi.

"Na ce maka kada ka taɓa."

"Ka ce. Ni kuma ba yaronka ba ne."

"Ba Pepper ba ce."

"Mene ne ba Pepper ba?"

"Haƙoran Baba ne."

Ya faɗa musu a tsaye, ƙotar tana hannunsa: kwatar, da cinyar, da sojojin da ke wucewa, da haƙorin. Bai ƙara gishiri ba, labarin ma gajere ne. Darlene ta ajiye kwanon a kan injin ta rufe baki da hannu. Neal ya kafe wansa da ido.

"Wa ya gaya maka?"

"Shi. A asibiti. Kana can kana bin barewa."

Ko a lokacin sai da ya soka masa wannan, don hali zanen dutse. Neal bai ko kula ba.

"Ni fa? Bai ce komai a kaina ba?"

Russell yana iya yin ƙarya, babu mai shaida sai kabari. Ya buɗe baki da niyyar yin ta, sai ya ga ba zai iya ba.

"Ya ce in gaya maka."

"Ya ce ka gaya mini."

"E."

"Shekara tara." Neal ya miƙa hannu ya karɓi ƙotar, Russell ya sakar masa. Ya shafa gefen kumatun da yatsun nan nasa masu kaushi, yana lalube kamar mai neman abu a aljihu. "Shekara tara tana ƙarƙashin bencina ina jefa mata tsumma. Ranar Litinin kana tsaye a gabana. Daren Laraba na kira Darlene ta zo ta ga yadda ramukan ke tashi ɗaya bayan ɗaya, muna dariya, ina cewa Pepper ta ci ta bar mini aiki." Ya ɗago ya dubi wansa. "Sau bakwai, Russ. Yana ƙin tashi ina ƙara masa wuta."

"Da ka ji maganata..."

"Rufe mini baki."

Bai ɗaga murya ba. Ya jawo akwatin kayan aikin da ke kan benci, ya ɗauki sukudireba, ya sa ƙotar a mazauninta. Ta zauna daram, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Ya ɗaure, ya goge wajen da hannun riga, ya mayar da sukudireban.

"Na ce ni zan ɗaura, na ɗaura. Ga ta nan. Labarin da ma naka ne kai kaɗai, to yanzu ko shaidarsa babu, sai ka ji daɗin riƙewa." Ya juya wajen matarsa. "Ɗauko kwanonki mu tafi."

Darlene ta ɗauka. Ta bi mijinta.

Russell ya saurari motar har ta sha kwana. Bindigar tana kwance a kan benci, ta cika, babu abin da ya rage, kyakkyawa kamar yau aka fito da ita daga kanti. Ya ɗaga ta da ƙyar ya kai kafaɗa, ya kwantar da kumatunsa a inda tsohon ya ciza. Katakon santsi, da sanyi, sai warin sabon mai.